Kocin da Ya San Inda Ake Faɗa

Minti kaɗan bayan an tashi wasa, tun gumi bai bushe a jikin 'yan wasa ba, ake tura kocin ƙungiyar hoki gaban 'yan jarida. An ci yaransa, ransa a ɓace yake, ga kyamarori sun zuba masa ido. Tambayar da za a jefo masa kusan kullum ɗaya ce, ko da an sauya mata riga: laifin wa ne? Shi kuwa ya san amsar sarai. Ya ga wanda ya yi sakaci abokin hamayya ya wuce ta gefensa, ya ga wanda ya yi ƙyuyar komawa baya ya tare gida. Sunan yana kan harshensa. Abin da zai yi da wannan suna a cikin 'yan daƙiƙun nan shi ne gwanintar da ta daɗe tana burge ni, kuma a gasar NHL ta Amurka da Kanada, inda kowace ƙungiya ke buga wasa sama da 80 a kaka ɗaya, ana yi wa koci wannan jarrabawa kusan duk bayan kwana biyu.

Tunda wasan ba namu ba ne, ya kamata mu fara sanin yadda yake. Hokin kan ƙanƙara nake nufi, wanda mutanen Kanada suka ɗauka tamkar gadon gida, kuma ake ji da shi a arewacin Amurka da Rasha da Suwidin da Finlan. Kowane ɓangare mutum shida ne a fili har da mai tsaron raga. Suna sanye da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, suna sulɓi a kan daskararren ruwa, riƙe da sanduna masu lanƙwasa a baki, suna bin wani ɗan faifan baƙar roba mai tauri wanda bai kai faɗin tafin hannu ba. Wasan kashi uku ne, kowanne minti 20. Saboda tsananin gudu, da wuya ɗan wasa ya wuce minti ɗaya a fili a shiga guda. Sai ya dawo benci wani ya tsallaka ya maye gurbinsa, wasa kuwa na ci gaba. 'Yan wasa 20 ne ke shiryawa a kowane wasa, koci na tsaye a bayansu yana kiran sahun da zai shiga da wanda zai zauna.

A nan ne ya bambanta da kocin ƙwallon ƙafa da muka saba gani. Na ƙwallon ƙafa canji kaɗan gare shi, in ya fitar da mutum shi ke nan. Na hoki kuwa kusan kowane minti yana yanke hukunci a kan mutanensa, dubban 'yan kallo kuma suna karanta hukuncin. In ya bar fitaccen ɗan wasa zaune minti goma, ya yi magana ke nan ko da bai buɗe baki ba. Sannan ga wani abu: faifan nan idan gwani ya make shi yakan yi gudun fiye da kilomita 150 a awa, kuma aikin 'yan baya ne su zube a gabansa su tare shi da ƙafa ko ƙirji. Ana karya ƙashi a haka, ana zubar da haƙora. Albashi kaɗai ba ya sa mutum ya kwanta gaban irin wannan harbi dare bayan dare. Sai ya yarda cewa na kusa da shi ma zai yi masa haka, kuma mutumin da ke tsaye a bayan benci ba zai sayar da shi gobe ba.

To, me ke faruwa idan koci ya ambaci sunan a gaban 'yan jarida? Faɗan da aka yi a ɗakin sauya kaya kunne ashirin da 'yan kai ne suka ji shi, kuma gobe ana iya zama a warware. Wanda aka yi a gaban kyamara kuwa magana ce zarar bunu. Matar ɗan wasan za ta ji, mahaifinsa da ya sha tashi da asuba yana kai shi filin ƙanƙara tun yana yaro zai ji, shugabannin sauran ƙungiyoyi da za su iya sayensa za su ji, darajarsa a kasuwa ta ragu. Al'adar NHL kuma ita ce a buɗe wa 'yan jarida ɗakin 'yan wasa bayan an tashi. Ke nan ba a jima ba za a tsaya a kan yaron, yana zaune ko takalmi bai gama cirewa ba, a ce masa ga abin da kocinka ya ce, me za ka ce? Daga nan a juya ga na kusa da shi a yi masa tambaya iri ɗaya. An tilasta wa kowa zaɓe tsakanin abokinsa da ubangidansa. Wanda ya goyi bayan koci ya ci amanar aboki, wanda ya kare aboki ya sa ƙafa a hanyar benci. Sauran da suka yi shiru kuwa kowannensu ya ɗauki darasi ɗaya: yau shi ne, gobe ni ne.

Illar takan fito a fili tun wasa na gaba. Hoki wasa ne da ake yanke shawara cikin ƙiftawar ido. Wanda ke tsoron kuskure yakan damƙe sandarsa da ƙarfi har hannunsa ya sandare, ya daina gwada miƙa faifai ta tsakanin abokan hamayya, ya riƙa jefar da shi can gefe don kawai kada a ce shi ne. Ba ya yin kuskuren da za a gani, amma kuma ba ya yin abin da aka saye shi dominsa.

Duk mai son ganin tsadar cin fuska a wannan wasa ya dubi daren 2 ga Disamba, 1995, a birnin Montreal. Ƙungiyar Canadiens ta fi kowace tarihi, ta ci Kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, sau 24. Mai tsaron ragarta Patrick Roy shi ne ya jagorance ta zuwa biyu na ƙarshe, a 1986 da 1993. Makonni kaɗan kafin wannan dare aka ɗauko Mario Tremblay aka ba shi ƙungiyar, tsohon ɗan wasanta ne wanda bai taɓa horar da wata ƙungiya ba, kuma dama akwai 'yar tsama tsakaninsa da Roy. Detroit ce ta zo baƙunta, ta kuwa zo da zafinta. A al'adar hoki, idan dare ya ƙi mai tsaron raga aka zuba masa huɗu ko biyar, koci kan janye shi ya sa na biyu. Rufin asiri ne, kowa ya san haka. Tremblay ya ƙi. Ya bar Roy a raga har aka zura masa tara daga harbi 26. Da ya tare wani harbi mai sauƙi, 'yan kallon gida suka yi masa tafin ba'a, shi kuma ya ɗaga hannuwansa sama cikin ɓacin rai. Sai a tsakiyar kashi na biyu aka fitar da shi. Ya zo ya wuce kocin, ya nufi shugaban ƙungiyar, Ronald Corey, wanda ke zaune daf da bayan benci, ya gaya masa cewa wannan ne wasansa na ƙarshe a Montreal. An tashi 11 da 1.

Bayan kwana huɗu aka sayar da shi ga Colorado tare da kyaftin Mike Keane. Kafin wata bakwai Colorado ta ɗaga Kofin Stanley da Roy a ragarta, ta sake ɗagawa da shi a 2001. Montreal kuwa tun 1993 ba ta sake ganin kofin ba. Sai a 2008 aka yi sulhu har ƙungiyar ta karrama lambarsa ta 33. Abin lura shi ne ba da baki Tremblay ya tozarta shi a gaban jama'a a wannan dare ba. Barin mutum tsaye a gaban jama'a ana yi masa dariya, alhali kana da ikon janye shi, ya fi kowace kalma zafi.

Masu furtawa da baki ma akwai su, kuma ba wanda ya kai John Tortorella suna a nan. Koci ne na gaske, ba na ƙaryata wannan: ya ci kofi da Tampa Bay a 2004, an zaɓe shi gwarzon koci sau biyu, kuma Vincent Lecavalier da ya taɓa karɓe wa muƙamin kyaftin yana cikin waɗanda suka ɗaga kofin tare da shi. Amma harshensa ya sha jawo asara. A watan Fabrairun 2019, yana kocin Columbus, ya gaya wa 'yan jarida cewa a ganinsa matashin ɗan wasansa Anthony Duclair bai ma san yadda ake buga wasan ba. Kwanaki kaɗan aka sayar da yaron ga Ottawa, a shekara mai zuwa kuma aka zaɓe shi cikin taurarin gasar. Tun kafin nan, a 2012 yana New York, ya zaunar da Marian Gaborik a benci a wani muhimmin wasa, mutumin da ya ci 41 a wannan kaka, jama'a suka yi ta sukarsa. Sai bayan an fitar da su aka san cewa da ciwon kafaɗa yake wasa, har sai da aka yi masa tiyata. 'Yan hoki sukan ɓoye rauni a lokacin wasannin kofi don kada abokan hamayya su riƙa kai hari wurin. Iyakar abin da ake gaya wa jarida shi ne ciwo ne a sama ko a ƙasan jiki. Wato ɗan wasan da aka soka a bainar jama'a sau da yawa ba shi da damar kare kansa, domin hujjarsa sirrin ƙungiya ce.

Akwai kuma wanda bai je gaban jarida ba amma ya yi abin da ya fi muni. Mike Babcock, yana kocin Toronto, ya sa Mitch Marner, yaro sabon shiga, ya jera masa sunayen abokan wasansa daga mai ƙwazo zuwa malalaci, sannan ya sanar da waɗanda aka sa a ƙasa. Da labarin ya fito a 2019, bayan an sallame shi, mutuncinsa ya zube duk da kofunan da ya tara.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa koci ya zama mai lallashi. Hoki ba ya ɗaukar wannan. Scotty Bowman, wanda ya ci Kofin Stanley sau tara a matsayin babban koci, fiye da kowa a tarihi, mutum ne mai wuyar sha'ani da ba ya jan 'yan wasa a jiki. Ɗaya daga cikin tsofaffin yaransa a Montreal, Steve Shutt, ya taɓa cewa kwana 364 na shekara suna ƙinsa, a rana ta ƙarshe kuma su karɓi zoben zakaru. Tsanani ba shi ne matsalar ba. Har ma hukunci a gaban jama'a yana da ranarsa. A watan Maris na 2023 Jon Cooper, kocin Tampa Bay, ya zaunar da manyan taurarinsa uku, Steven Stamkos da Nikita Kucherov da Brayden Point, duk tsawon kashi na uku a wasansu da Buffalo. Da aka tambaye shi, sai ya ce kusan kullum waɗannan ukun ne ke ba ƙungiyar damar cin wasa, amma yau bai ga haka ba. Iyakarta ke nan. A dubi yadda ya auna ta. Manya ya taɓa, waɗanda ke da ƙarfin ɗauka, bai huce a kan yaro sabon shiga ba. Su uku ya haɗa, don kada mutum ɗaya ya zama abin nuni. Wasan ranar ya soka, bai taɓa halinsu ko iyawarsu ba, ya ma fara da yabo. Kuma ya yi hakan ne bayan shekara goma yana tare da ƙungiyar, bayan sun sha kunyar 2019 tare, lokacin da suka ci wasa 62 a kaka amma Columbus ta Tortorella ta share su a zagayen farko, sannan suka ɗaga kofi tare a 2020 da 2021. Maganin bai yi aiki nan take ba, washegari ma an sake doke su. Amma ɗaki bai tsage ba, kuma a kaka mai zuwa Kucherov ne ya fi kowa maki a gasar, a ƙarƙashin wannan kocin dai.

Duk da haka, in za a tambaye ni wanda ya kai wannan sana'a ƙololuwa, Herb Brooks zan ce.

Brooks ɗan birnin St. Paul ne a jihar Minnesota. A 1960 shi ne mutum na ƙarshe da aka cire daga tawagar Amurka ana daf da gasar Olamfik, ya zauna a gida yana kallo a talabijin abokansa suka ci zinariya. Ya san ɗacin a ajiye mutum. Daga baya ya zama kocin Jami'ar Minnesota, ya ci mata kofin jami'o'i a 1974 da 1976 da 1979. Sai aka ba shi aikin da kowa ke ganin ba ya yiwuwa: ya tara ɗalibai, waɗanda matsakaicin shekarunsu bai wuce 22 ba, ya kai su gasar Olamfik ta 1980 a Lake Placid, inda Tarayyar Sobiyet ke jira. Sobiyet ta ci zinariya sau huɗu a jere, daga 1964 zuwa 1976, kuma a Fabrairun 1979 ta lallasa zaɓaɓɓun taurarin NHL da ci 6 da nema.

Matsalar farko ma a cikin gida take. Da yawan yaran daga Minnesota suke, huɗu kuma daga Jami'ar Boston, su kuwa jami'o'in biyu ba sa ga maciji. A 1976 sun ba hammata iska a wasan kusa da na ƙarshe na kofin jami'o'i. Dabarar da Brooks ya ɓullo da ita mai tsada ce, kuma shi ya biya. Ya yanke shawarar zama mutumin da dukkansu za su haɗu su ƙi. Ya janye jikinsa daga gare su, har da yaran Minnesota da ya rena da hannunsa, don kada a ce yana da 'yan lele. Lallashi da sauraron koke ya bar wa mataimakinsa Craig Patrick. A watan Satumban 1979, a birnin Oslo, suka yi kunnen doki 3 da 3 da Norwe a wasan sada zumunci, wasan da ya ga sun yi wa riƙon sakainar kashi. Bai je ya gaya wa jarida cewa yaransa malalata ne ba. Ya hana su fita daga fili, ya sa su gudun kai da kawowa daga layi zuwa layi, har ma'aikatan filin suka kashe fitilu, shi kuwa bai dakatar ba. A cikin duhun nan ɗan Boston da ɗan Minnesota suka sha wahala iri ɗaya a hannun mutum ɗaya.

Abin da ya fi burge ni a duk labarinsa ƙarami ne. An ruwaito cewa ya kira Jack O'Callahan, ɗan baya mai taurin rai daga Boston, suka ƙulla yarjejeniya su biyu: zai riƙa yi masa tsawa a gaban kowa, amma sunan da ya kira shi da shi ne zai nuna masa ko faɗan nasa ne, ko kuwa ana bi ta kansa ne don a ja kunnen sauran. A tsaya a yi tunani a kan wannan. Mutumin ya san faɗa a gaban mutane makami ne, ya san yana yanka, don haka ya zaɓi wanda fatarsa za ta ɗauka, ya kuma nemi yardarsa tun kafin ya ɗaga murya. Sauran suna ganin an tsawata wa ɗaya daga cikin jaruman ɗaki sai kowa ya shiga taitayinsa, shi kuma wanda aka yi wa tsawar ya koma makwanci da mutuncinsa cikakke. Hannunka mai sanda ke nan da aka shirya da ilimi.

Ana saura makonni a fara gasa ya sake gwada su. Ya ɗauko wasu sababbin 'yan wasa daga waje, ya nuna alamar zai iya cire wasu, har da kyaftin Mike Eruzione. Sai yaran suka haɗa kai suka tunkare shi, suka ce a sallami baƙin, su da suka sha wahalar watanni tare su ne ƙungiya. Abin da yake jira ke nan. Da lokacin cire mutum na ƙarshe ya zo, Ralph Cox, sai ya kira shi gefe su biyu ya gaya masa, shi da aka yi wa irin haka shekara ashirin baya.

Ba na wanke shi daga komai. A wasansu na farko a Lake Placid, da Suwidin, Rob McClanahan ya ji ciwo a cinya, yana zaune da ƙanƙara a kan ƙafarsa a hutun farko. Brooks ya shigo ya zazzaga masa maganganu masu zafi, ya kira shi rago a gaban abokansa, har yaron ya miƙe yana mayar da martani cikin fushi. Ya koma fili da ciwonsa, ɗakin duka ya harzuƙa, kuma saura daƙiƙa 27 a tashi Bill Baker ya farke, aka tashi 2 da 2. Ta yi aiki, amma zalunci ne a kan yaro mai rauni, kuma a yau da aka ƙara sanin haɗarin wasa da ciwo ba wanda ya kamata ya kwaikwaye ta. Abin da nake nunawa shi ne inda aka yi ta: a ɗakin sauya kaya, tsakanin waɗanda abin ya shafa.

Ga 'yan jarida kuwa wani Brooks ɗin suka gani. Ya hana a kai yaransa taron manema labarai bayan wasa, yana mai cewa ƙungiyarsa ba ta da tauraro. Ya san in aka ware mutum biyu ko uku ana ta yabo, sauran za su ji a ransu, haɗin da ya sha wuya ya ƙulla ya fara kwancewa. Yabo ma a gaban jama'a yana raba ɗaki kamar yadda suka ke yi. 'Yan jarida suka fusata, suka ce yana son ya haskaka shi kaɗai ne. Bai ja da su ba. Shi ma ya daina zuwa, ya riƙa tura Craig Patrick. Ya ɗauki zagin a kansa, yaran suka samu sararin yin abin da ya kawo su. Kwanaki kaɗan kafin a fara gasar, Sobiyet ta yi musu 10 da 3 a New York, amma maimakon ya ƙara musu tsoro sai ya riƙa rage girman abokan hamayyar a idonsu, har yana kamanta kyaftin ɗin Sobiyet, Boris Mikhailov, da ɗan wasan barkwanci Stan Laurel don yaran su yi dariya su daina kallonsu kamar aljanu.

Ranar 22 ga Fabrairu, 1980, aka haɗu da Sobiyet. Saura daƙiƙa ɗaya a gama kashi na farko Mark Johnson ya farke, aka koma 2 da 2. Nan kocin Sobiyet, Viktor Tikhonov, cikin fushi ya janye Vladislav Tretiak, wanda ake ɗauka mai tsaron ragar da ya fi kowa a duniya, saboda kuskure ɗaya. 'Yan wasansa suka yi mamaki, yaran Amurka kuwa suka samu ƙarfin gwiwa da ganin gagaran yana zaune a benci. Daga baya Tikhonov da kansa ya amsa cewa shi ne babban kuskuren aikinsa. A haɗa wannan da daren Montreal: can an bar gwani a raga har ya tozarta, nan an fizge gwani tun bai cancanci haka ba. Aiki ɗaya ne, janye mai tsaron raga, amma a wani wuri jinƙai ne, a wani wuri mari ne. Ba littafin da zai gaya wa koci wanne ne wanne, sai sanin mutumin da ke gabansa.

Mai tsaron ragar Amurka, Jim Craig, ya tare harbi 36 daga cikin 39. Saura minti goma daidai Eruzione, kyaftin ɗin da aka yi barazanar cirewa, ya ci na huɗu, aka tashi 4 da 3. Yara suka zubo fili suna faɗawa kan juna, filin ya ɗauki sowa. Brooks bai shiga cikinsu ba. Ya juya ya bi hanyar ɗakin sauya kaya, ya bar musu filin da kyamarorin. Bayan kwana biyu suka doke Finlan 4 da 2, bayan ana gaba da su da 2 da 1, suka ɗauki zinariya. A wurin ba da lambobi, inda kyaftin kaɗai ya kamata ya hau dandamali, Eruzione ya yafito sauran sha tara suka hau tare, suka cunkushe a ɗan wurin da aka yi don mutum ɗaya.

Herb Brooks ya rasu ranar 11 ga Agusta, 2003, a haɗarin mota a Minnesota, yana da shekara 66. A jana'izarsa a St. Paul, yaran nan na 1980 da ya sa gudu cikin duhu a Oslo, a lokacin duk sun zama magidanta, su ne suka taru daga sassan Amurka suka yi wa gawarsa rakiya.